Irin Mama a Tulun Hajiya

Ranar da na sauka filin jirgin Greensboro, can ƙasar Turawa, mutumin da ya yi alkawarin tarbata bai zo ba. Ɗan garinmu ne, wata biyu yana turo min hoton wani ɗaki mai labule fari, wai nawa ne, ya gama shirya komai. Na kira lambarsa har na gaji. Da ƙyar wata mata ta ɗauka, ta ce ai ya koma wata jiha tun watan jiya, ta kashe. Ni kuwa na ci gaba da riƙe wayar a kunne ina zazzaga masa zagi da Hausa, ga akwatuna biyu a gabana.

Sai na ji murya a bayana: "Baiwar Allah, rage kaɗan. Uwarsa ba ta yi miki komai ba."

Na juya a fusace, na ga wani dogon dattijo da hula, yana jingine da tasi yana dariya. Malam Isufu ke nan, mutumin Maraɗi. Bai tsaya dogon bayani ba, ya ce in kawo balis ɗina, wato akwati a bakin mutanen Nijar. Ya kai ni gidansa a wani rukunin gidajen haya da ke bayan manyan kantunan Wendover, ya danƙa ni hannun matarsa, Hajiya Rakiya. Kwana huɗu na yi a ɗakin 'yarsu kafin ya samo min ɗaki a unguwar Glenwood, inda zan iya takawa da ƙafa zuwa makaranta.

A hanya ya tambaye ni me na zo karantawa. Na ce ƙananan halittun da ido ba ya gani. Ba ƙarya na yi ba, amma rabin gaskiya na ba shi.

Sauran rabin kuwa shi ne burukutu. Sunana Rifkatu, uwata Talatu, kuma a ƙauyenmu na kudancin Kaduna in ka ce gidan Talatu ba mai tambayar wace Talatu. Da tukunyar giya ta yi min makaranta tun daga firamare. Mai dafa burukutu takan jiƙa dawa ta tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta dafa, ta bar ta ta yi tsami, ta sake dafawa. Amma duk wannan kunu ne kawai, har sai ta zuba abin da muke kira iri, wato lakar da ke kwanciya a gindin tukunyar da ta gabata. Shi ke tayar da ita. Irin Mama daga hannun uwarta ta karɓa, ita ma daga tata uwar, bai taɓa yankewa ba. Na shanya kaɗan daga cikinsa na zuba a 'yan kwalabe uku, kowacce ba ta fi babban yatsa ba, na shigo da su da takardar izini mai hatimi. Su na zo karantawa a sashen kimiyyar abinci.

Kowace halitta, komai ƙanƙantarta, tana ɗauke da rubutu a cikinta, shi ne DNA. Muna da na'urar da ke karanta wannan rubutu tun daga farko har ƙarshe, ta faɗa maka wace halitta ce, su wa ne danginta, me take iya ci, me take fitarwa. Sai dai ba a karanta halitta tana raye. Sai an fasa ta an fitar da rubutun.

Shekarar farko na yi aiki kamar yadda aka koya min, kuma na iya, ba yabon kai ba. Na jiƙa irin, na shafa shi a farantan gwaji, abubuwa suka tsiro barkatai, fari da rawaya da masu yauƙi. Na zaɓi ƙwayar yis guda ɗaya, irin mai tayar da ƙulli, wadda ta fi kyau da ƙarfi, na raba ta da sauran, na sake rabawa, har ta zama ita kaɗai tsaf. Sauran farantan na jefa su a injin da ke kashe ƙwayoyi, domin a ɗakin gwaji sunansu datti. Haka kwalabe biyu suka ƙare, ta uku ma saura ɗan abin da bai cika bakin cokali ba. Da na'ura ta karanta yis ɗina, Farfesar da ke duba aikina ta tashi daga kujera ta tafa, ta ce wannan ba dangin na burodi ba ne, ba na kamfanin giya ba, na daji ne. Ranar na taka zuwa gida ina jin ba wanda ya kai ni a duk Glenwood.

A coci kuwa bakina gum. 'Yan Filato da Kaduna da Adamawa muke haɗuwa ran Lahadi, a yi waƙa da Hausa, yara suna amsa iyayensu da Turanci. Shugabar zumuntar mata ita ce Anti Saratu, ma'aikaciya a gidan kula da tsofaffi, mace mai kaifin baki wadda ba ta ɗaga wa kowa ƙafa kan maganar sha. Ranar farko ta tambaye ni, "Mamanki me take yi a gida?" Na ce tana sana'ar hatsi. Na ji kunyar uwata, daga baya kuma na ji kunyar jin kunyar, na kwana biyu abin yana cina.

A damina ta biyu ƙafar Mama ta matsa mata, aka kwantar da ita asibiti a Kafanchan fiye da wata. Ƙanena ya yi sabuwar amarya, 'yar birni, yarinya mai son a yaba mata. Ana gobe za a sallami Mama, ta ce bari ta gyara gida surukarta ta ji daɗi. Ta fito da tukwanen giya duka, waɗanda rabonsu da sabulu tun ba a haife ni ba, ta dirje su da garin sabulu da bilic har suna ƙyalli. Ƙaramar tukunyar da irin yake ciki ta leƙa, ta ga laka mai wari, ta juye a bayan gida.

Mama ba ta ko yi mata faɗa ba. Ta je ta aro iri wurin maƙwabciyarta Kande, kamar yadda aka saba in irin mace ya mutu. Ta dafa, giyar ta tashi lafiya. Tsoffin masu shan giyarta suka kurɓa, wani ya ce, "Talatu, yau Kande ce ta dafa miki?" Sau uku tana dafawa, sau uku ana faɗin haka. Sai ta kife tukwanenta.

Da ta kira ni, muryarta ce ta fi ba ni tsoro. Mace ce da in tana magana a tsakar gida ana jin ta a bakin rafi, sai ga shi ina cewa "Mama ɗaga murya." Ta ce, "Na uwata ne, Rifkatu. A hannuna ya ƙare. Na bari, in zauna in jira lokaci."

Na ce, "Haba Mama! Wane lokaci? Irinki yana nan a firiza. Na san shi ciki da waje, na karanta shi harafi bayan harafi. Ki ba ni wata biyu."

Da gaske nake, ko kaɗan ban yi shakka ba. Abin da ya rage in gwada shi a nan kafin in aika. Sashenmu yana da kicin na gwajin abinci inda aka yarda a dafa a ɗanɗana, Farfesa ta ba ni wuri. Dawa ce matsala, don wadda ke kantuna an gyara ta, ba ta tsiro. Malam Isufu ya ce ya san wani manomi wajen Summerfield, inda masu dawakai suke, yana noma ta. A hanya na ga ba zan ci gaba da ɓoye masa ba, na faɗa masa abin da za a yi da ita.

Ya taka burki ya dube ni. "A'uzubillahi! Shekara guda da rabi ina ɗaukar mai burukutu a motata?"

Na ce, "Malam, in sauka ne?"

Ya ja gemu, sannan ya ce, "Bon. Dawa dai halal ce, zan kai ki ki sayo dawa. Amma ranar da ta zama wancan abin, ƙanwata, ki nemi bas."

Na jiƙa dawar a bahon wanka na ɗakina, na shimfiɗa ta a kan buhu na rufe da jiƙaƙƙen zane. Rana ta uku, Asabar da hantsi, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Anti Saratu ce da kular tuwon shinkafa, wai ba ta gan ni a coci ba. Kafin in tare ta ta wuce bayi wanke hannu. Na tsaya a falo ina jiran hukunci.

Ta fito da tsiron a tafin hannunta. "Wannan na kunu ne, ko na abin da nake zato?"

Na gaji da ƙarya. Na ce, "Anti, uwata burukutu take dafawa. Da shi ta yi min makaranta. In za a kore ni daga zumunta a kore ni."

Ta harare ni. "Wa ya tambaye ki wannan? Ce miki nake ba ki juya shi ba. Dubi ƙasansa ya fara zafi, gobe war haka fumfuna zai yi. 'Yar mai burukutu ba ta san a juya tsiro safe da yamma ba? Kawo min tire."

Ta naɗe hannun riga ta durƙusa a bayina tana juya dawa, hannun nan ya san aikin sarai. Ba ta dube ni ba ta ce, "Tawa uwar ma a Pankshin da shi ta rene mu, mu shida. Shekara ashirin ke nan ban faɗa wa kowa a garin nan ba. Ke ma in na ji a bakin wani, ni da ke ne."

Ita ta zama mai ɗanɗana min. Na dafa a kicin ɗin makaranta cikin tukunyar ƙarfe da na tafasa ta fes, na zuba yis ɗina mai tsabta, ya tashi da kumfa gwanin kyau. Anti ta zo daga aiki da rigar aikinta a jiki. Ta ce ba sha za ta yi ba, taɓa harshe ne kawai. Ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta tofar a wurin wanke-wanke.

"Wannan ruwan wa?"

"Irin Mama ne, Anti. Na'ura ta tabbatar."

"Na'urar ta sha? Ba tsami, ba jiki, ba ƙamshi. In uwarki ta ba mutane wannan sai su ce ta fara ruɗewa. Zauna ki faɗa min abin da kika yi masa."

Na yi mata bayani dalla-dalla, har da alfahari, yadda na zaɓi guda ɗaya na kashe sauran. Ta riƙe haɓa tana kallona. Ta ce, "Tabɗi. Uwarki ta ba ki kasuwa guda, kin kori kowa kin bar mai gishiri, kina mamaki miya ba ta yi ba."

Raina ya ɓaci, har na buɗe baki in ce mata ita me ta sani game da kimiyya. Sai na tuna farantan nan masu yauƙi da na jefa a inji da hannuna, ina murna na rabu da datti. Ni da na zagi amaryar ƙanena a waya kan bilic, ashe abin da ta yi na yi, nawa ma da digiri.

Abin da ya rage a duniya na irin Mama yadda yake, da kowa da kowa a ciki, shi ne ɗan busasshen garin nan da ya saura a kwalba ta uku. Na je wurin Farfesa na faɗa mata. Idonta ya yi haske, ta ce akwai hanyar da za a karanta duk abin da ke ciki a lokaci guda ba tare da an zaɓi kowa ba, kuma zai zama aiki mai kyau ƙwarai. Amma garin kaɗan ne, sai an fasa shi duka. Na ce a'a, zan fara tayar da shi a ruwan dawa ya yi yawa, sannan a ɗiba a karanta. Ta ce in na yi haka wasu za su ƙaru wasu su ragu, ba za a ce ainihin na ƙauye na karanta ba, rubutuna zai rage daraja. Kuma in bai tashi ba na yi asarar duka biyun.

Mace ce mai kirki, kuma gaskiya ta faɗa. Amma na ce mata, da Turancin da ke fita da kyau in raina ya ɓaci, ita takarda take gani, ni kuwa uwata ce a zaune gaban kifaffun tukwane. In na fasa shi zan san sunan kowa a ciki, amma sunayen gawa. Sai ta ce samfurin nawa ne, in yi yadda na ga dama, sai dai in rubuta komai.

Anti ta ce ba za a tayar da shi a ƙarfe ba, sai tukunyar ƙasa, wadda jikinta ke riƙe abu. Na zagaya kantunan Wendover kaf, ba komai sai tukwanen fulawa masu huji a gindi. Na ba Hajiya Rakiya labari ina ƙorafi kawai, ba roƙo ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito rungume da ƙaramin tulu ja, wanda ta ɗauko a cinya tun daga Maraɗi don ta ce ruwan firij ba ya kashe mata ƙishi.

Na ce, "Hajiya, kin san abin da zai shiga ciki fa."

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa kyauta na ba ki, ba aro ba. Kar in sake ganinsa a gidan nan. Allah ya ba mamanki lafiya."

Malam Isufu ya kai ni da tulun har ƙofar makaranta, yana ta jaddada cewa tulun babu komai a ciki, shi shaida ne.

Wannan karon Anti ce ta ja ragamar, ni 'yar aike. Ta hana ni tafasa tulun, ɗauraya kawai da ruwan ɗumi. Ta sa na bar kunun ya kwana a buɗe. Da ya huce ta tsoma ɗan yatsa, ta ce yanzu. Na juye garin nan duka a ciki, na ɗauraye kwalbar da ruwan dawa na ƙara. Kwana ɗaya shiru. Kwana biyu shiru, na leƙa tulun ya fi sau talatin, ban iya cin abinci ba. Da safiyar rana ta uku na buɗe ƙofar kicin, kafin in kai ga tulun warin tsakar gidanmu ya tare ni. Na kara kunne a bakinsa na ji yana 'yar ƙara a hankali. Na zauna a ƙasa na yi kuka, wani ɗalibi ya leƙo ya tambaya ko in kira wani ne.

Anti ta ce na farko ba a kirga shi, yunwa ya sha. Muka ɗebi lakarsa muka tayar da na biyu, daga na biyu muka tayar da na uku. A na ukun ta kurɓa, ta juya a baki, na miƙa mata kofin tofarwa. Ba ta karɓa ba. Ta haɗiye, ta goge baki da bayan hannu, ta ce, "Allah ya gafarta min. Ƙara min kaɗan."

Daga wannan na ɗiba na ba na'ura. Sunaye suka cika shafi: yis ɗina yana nan, ga wasu yis ɗin daban, ga ƙwayoyin da ke kawo tsami, dangin masu sa nono ya yi kindirmo, ga wasu da Farfesa ta ce sai mun ƙara bincike. A kan wannan nake rubuta digirina yanzu, kuma na rubuta a fili cewa a tulu aka tayar da shi.

Ragowar na shanya. Farfesa ta sa hannu a takardun fitar da shi, Anti Saratu kuma za ta gida Kirsimeti. Ta sa ƙullin a jakar hannunta, ta ce in wani ɗan coci ya tambaya, maganin ƙafa ne. Daga Jos ta shiga mota takanas har ƙauyenmu ta danƙa wa Mama hannu da hannu.

Mako biyu ban ji komai ba, ni kuma na ƙi tambaya. Ran wata Talata da safe ina tsaye a tashar bas ta Glenwood, sanyi yana yanka kunne, sai ga kiran bidiyo daga ƙanena. Can rana ta take. Ya juya wayar na ga Mama zaune a kan kujera 'yar tsuguno, sandarta a gefe, tukunya ɗaya a gabanta tana kumfa. Ta ce ta jira ne in gani da idona. Ta tsoma ƙwarya, ta hura kumfar gefe, ta kurɓa. Ta daɗe ba ta ce komai ba, har na zaci layin ne ya tsaya.

Na ce, "Mama? Yaya?"

Ta karɓi wayar daga hannun ƙanena ta ajiye a kan turmi, ba na ganin komai sai rufin rumfa. Sai na ji ta ɗaga murya, muryar nan da ake ji har bakin rafi.

"Ina amarya? Zo nan, 'yata, ɗaga min tukwanen nan duka, kar ki taɓa sabulu! Kai kuma tsayuwar me kake yi? Je ka ce wa Kande na gode, ta zo ta ɗauki nata. A jiƙa min tiya goma, ran Juma'a akwai giya!"

Ta manta da ni a kan layi sarai. Bas ɗina ya zo ya buɗe ƙofa, direban ya dube ni, na ɗaga masa hannu ya wuce. Na tsaya da wayar a kunne ina sauraren ana jan tukwane a ƙasa, Mama tana yi wa kowa faɗa.